Yadda Ake Auna Ƙarfin Katako Da Baba Gana

Kai da ka bar makaranta tun kafin a kai ga lissafi mai haruffa, hanya ta buɗe maka. Kuɗin mai sun shigo gari, ƙarin albashin Udoji ya sauka, kowane Alhaji yana son bene, kuma duk mai son bene yana neman wanda zai gaya masa ko katakonsa zai ɗauki kaya. Bi matakan nan kamar yadda Ilu ɗan Fagge ya bi su. Na yi maka alkawari, kafin shekara ta zagayo har mai shayi zai riƙa kiranka Injiniya.

Mataki na 1: Soke fensir a bayan kunne

Ba lallai ya zama yana rubutu ba. Ilu ya gwada kwandasta, ya gwada gyaran rediyo, ya gwada tallan maganin basir a jirgin Nguru, babu wadda ta zauna masa. Ranar da ya soke fensir ya ratsa Kantin Kwari, a ranar Alhaji Isyaku mai atamfa ya yafito shi.

"Kai ɗan nan, ka san katako?"

"Ranka ya daɗe, ni da katako gida ɗaya muka tashi."

Alhaji yana son ɗan benen katako a cikin kantinsa, inda zai riƙa jibge dilolin atamfa. Ya ce idan benen ya tsaya, aikin rufin sabon gidansa na Fagge na Ilu ne. Wannan ne aikin da zai sa innarsa ta daina ce wa maƙwabta ɗanta yana nan yana shawara.

Mataki na 2: Je Sabon Gari ka ɓata fuska

A wurin masu katako kada ka yi murmushi. Ƙwanƙwasa, kara kunne, shinshina. Duk ƙarar da ya yi, girgiza kai.

Ilu ya tsaya a rumfar Oga Nwabueze, ya ƙwanƙwasa wani dogon katako.

"Aboki, wannan loko ne, sarkin katako," in ji Oga. "Jiya ya sauka daga jirgi. Giwa ta kwana a kansa a daji."

"Wancan fa?"

"Shi ma loko."

"Oga, ai wannan ƙofar banɗakinka ce."

"Ita ma loko. Kana so in cire maka?"

Idan ka ga katako yana gumi, ɗanye ne. Kada ka damu. Ɗanyen katako ya fi nauyi, kuma duk abin da ya wahalar da 'yan dako, mai shi yana ganin ya sayi abin kirki.

Mataki na 3: Nemo ma'auni

Masu digiri suna da na'ura mai danne katako. Kai nemi mutum mai jiki. Ilu ya samu Baba Gana, mai gadin sito a tashar jirgin ƙasa, mutumin da idan ya zauna a ƙarshen benci, na ɗaya ƙarshen sai ya tsinci kansa a sama. Ya lallaɓa shi da tuwo da miyar taushe, ya kai shi kasuwar Singa, aka ɗora shi a sikelin buhunan sukari. Ya fito daidai da dila uku na atamfa. Shi ke nan lissafi ya ƙare: katakon da ya ɗauki Gana, ya ɗauki dila uku.

Mataki na 4: Yi gwaji a gaban jama'a

Ɗora katako a kan ganguna biyu, ma'auninka ya hau, ya taka zuwa tsakiya, ya ɗan yi rawa. Idan bai karye ba, rubuta masa "Gana 1" da alli.

A nan akwai ɗan abin lura. A watan Sha'aban Ilu ya auna Baba Gana, amma Alhaji bai saki aikin ba sai da azumi ya kusa ƙarewa. Ga azumi, ga zazzaɓin sauro da ya kwantar da Baba a tsakiyarsa. Da ya iso wurin gwaji, riƙe yake da wandonsa da hannu ɗaya.

"Baba, kamar ka ragu."

"Rigar ce ta buɗe a wanki."

Ilu ya karɓi wannan bayani, domin injiniya na gaskiya ba ya zargin ma'auninsa. Baba ya bi katakan ɗaya bayan ɗaya, ko lanƙwasa ba su yi ba. Masu kallo suka ce lallai yaron nan ya san aiki.

Mataki na 5: Ranar lodi, tsaya kusa da ƙofa

Kafintoci suka kafa bene. Bayan Sallah sabon kaya ya iso, aka fara jibgewa sama. Can sai benen ya yi ciki, ya fara wani kuka a hankali daidai saman kujerar Alhaji.

"Me nake ji haka?"

"Gaisuwa yake yi, ranka ya daɗe. Katakon kudu akwai ladabi."

"To me ya sa ya sunkuyo?"

"Ai babba ya gani."

Mataki na 6: Kada ka yarda a maimaita gwaji

Ilu ya yarda. Alhaji ya ce a sauke dilolin a jera su a ƙasa, a kira Ganan da ake ta rubuta sunansa a jikin katako, ya gani da idonsa.

Baba Gana ya iso. Tun ranar idi yake zagayen gaisuwar Sallah gida-gida, kuma bai taɓa mayar da kwano da saura ba. Wandon ya zauna daram. Ya hau tsani da bismillah, ya taka zuwa tsakiya, ya waiwayo.

"In yi rawar?"

Benen ne ya ba shi amsa. Ya sauko, amma ba ta tsani ba. Shi da bene suka iso tare a kan dilolin atamfa, yana zaune, hularsa ko motsi ba ta yi ba.

Mataki na 7: Bayyana sakamako cikin natsuwa

Ilu ya gyara murya daga bakin ƙofa.

"Alhamdulillahi, ranka ya daɗe, yau mun san ƙarfinsa daidai. Ya fi Gana na azumi, bai kai Gana na Sallah ba. Masu digirin ma sai sun karya suke sani."

Alhaji ya sunkuya yana cire takalmi.

"To maganar rufin gidan fa?" in ji Ilu.

"Matso kusa in gaya maka."

Kada ka matsa. Ilu bai matsa ba. Wani ne ya rufa gidan Fagge, shi kuwa ya bi jirgin Kaduna, inda ya ji ana gine-gine kuma ba a san fuskarsa ba.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk benen da ya zauna, rufin da ya sunkuyo, ko takalmin da ya same ka a ƙeya. Bai sa ka ba, bai san ka ba, ko a hanya kuka haɗu kada ka gaishe shi. Mai ƙorafi ya nemi Baba Gana a tashar jirgi, amma ya fara tambaya wane wata ake ciki.