Tsuntsun Malam Kuang a Daɓen Lambu

"Duk birnin Beijing, in ka cire ni, babu wanda ya san tsuntsu," in ji Kuang Deshou, yana nuna ƙirjinsa da sandar rubutu. "Ba na keji nake nufi ba, na rubutu!"

Kai mai karatu, kar ka ɗauka wani shehi ne ke magana. Shekara talatin da ɗaya Kuang ya yi yana leƙa mitar ruwa a gidajen mutane. Da ya yi ritaya sai ya sayi sanda mai soso a baki da bokiti, ya shiga sahun tsofaffin da ke rubutu da ruwa a daɓen dutsen lambun unguwarmu, kuma ran nan ya naɗa kansa Malam. Mu dai a bayan idonsa Malam Mita muke ce masa.

Karatunsa ɗaya ne, kuma duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi sai ya sha shi: harafin Sinanci mai ma'anar tsuntsu. Yadda magabata suka zana shi a ƙashin shanu da ƙwaryar bayan kunkuru shekara dubu uku da suka wuce, da baki da ido da farata kamar zai tashi. Yadda asalinsa na tsuntsu mai doguwar jela ne. Yadda daga baya ya koma mai ɗigo huɗu a ƙasa, sannan aka zo aka share ɗigon aka ja layi ɗaya. In ya kawo nan sai ya ɗaga murya.

"Sun yanke masa ƙafafu! Tsuntsu a kan sanda kamar tsire!"

To, sai ga dama ta faɗo. Ƙungiyar masu kiwon tsuntsayen waƙa ta gyara rumfar shayinta, tana son allo mai harafin tsuntsu a bakin ƙofa. Shugabansu, Dattijo Lei, ya ce ranar Juma'a da hantsi zai biyo ta daɓen, hannun da ya yi masa shi za a sassaƙa a katako. Ka san rubutun ruwa, kafin ka juya ya bushe. Shekara shida Kuang na zuba gwaninta rana na lashewa. Yanzu ga rubutun da zai zauna, har da sunan mai shi a gefe. Wallahi kwana uku bai iya cin abinci da kyau ba.

Abokiyar takararsa Goggo Shu ce, tsohuwar kwandastar bas, mai rubutu ƙanana a gindin bishiya ba ta damun kowa.

"Yaya Kuang, zo inuwa mana, ga wuri," ta ce masa ran Juma'ar.

"Inuwa? Ƙanwata, naki ɗan tsako ne, ya ishe shi. Nawa kakan tsuntsaye ne, irin na kan ƙashi. Taku goma sha biyar daga baki zuwa jela."

Ya fita tsakiyar fili, cikin ranar watan Yuni, ya naɗe hannun riga. Ya ja baki, ya ɗiga ido, ya zagayo ciki yana tafiya da baya-baya, ya saki jela har da ɗan tsalle. Ya juyo don ya karɓi tafi, sai ya ga babu kai. Ya ruga ya mayar da kan. Kafin ya ɗago, jela ta tafi.

"Malam, wannan an yanka ne ko fige shi ake yi?" wani mai darar gefen hanya ya tambaya.

"Jahili, rufe mana baki!"

Can ƙarshen lambu ga Dattijo Lei ya ɓullo, keji biyu a hannu yana lilo da su. Sai dai Lei mutum ne da ba ya wuce kowa bai tambayi lafiyar gwiwarsa ba. Kuang ya yi ta safa da marwa tsakanin kai da jela, gumi na zuba, har mai darar ya ce gumin ya fi rubutun daɗewa a ƙasa. Ya je ya roƙi matan da ke rawa da lema su tsaya su yi wa tsuntsun inuwa. Uku suka zo don kunya. Ana sa musu sabon kiɗa suka watse da lemominsu, suka bar shi da rabin fiffike.

Nan ne basirar Malam Mita ta motsa. Ya tuna kunun shinkafar da matarsa ta ɗura masa a fulas bai sha ba. Ya waiga hagu da dama, ya juye shi kaf a bokiti, ya dama.

"Yaya Kuang, ruwa zalla aka yarda da shi a nan fa," in ji Goggo Shu.

"Sirrin magabata ne. Ke ina kika san shi, kina can kina yage tikiti?"

Gaskiya ta Allah, wannan karon tsuntsun ya zauna. Fari sol, yana ƙyalli, daga baki har jela. Kuang ya riƙe ƙugu yana kallon jama'a ɗaya bayan ɗaya. Sai ga gwara ɗaya ta sauka a kan idon. Sai biyar. Sai tattabarun unguwa gaba ɗaya suka zubo, ko gayyata ba a yi musu ba.

"Kun gani?" Kuang ya ɗaga hannu sama. "Sun gane kakansu! Gaisuwa suka zo!"

"Gaisuwa da baki, Malam? Ai sun cinye kan kakan."

Ya duba. Kai ya tafi, wuya na bin sa. Ya zabura da sanda yana "Kai! Kai! Marasa tarbiyya!" Taku uku ya yi santsin kunu ya kwashe shi, ya zauna daɓas a tsakiyar cikin tsuntsun, bokiti ya bi shi ya kife a cinyarsa. Tattabarun suka tashi fir, biyu daga ciki suka bar masa saƙo a kafaɗa, sannan suka dawo suka ci gaba da kalaci a gefen wandonsa.

Inuwar da ta rufe shi ta Inna Bao ce, mai sharar lambun, wadda ko ɗan sanda ba ya ja da ita. Mofar goge daɓe kawai ta miƙa masa.

"Baiwar Allah, kin san ko ni wane ne?"

"Na sani. Kai ne mai gogewa. Fara daga can."

Yana cikin gugar ne Dattijo Lei ya iso. Goggo Shu ta jira har ya tsaya a gabanta, sannan ta tsoma sosonta ta rubuta ɗan tsuntsu mai ɗigo huɗu, bai fi tafin hannu biyu ba, daidai bakin takalminsa. Lei ya ajiye kejinsa ya duƙa ya kalla har ya bushe.

"Shi ke nan, Goggo. Gobe ki kawo mana shi a takarda."

"Shugaba!" Kuang ya taho da mofa a hannu, kunu na ɗiga daga wandonsa. "Ba ka ga nawa ba! Na shekara dubu uku ne! Tsuntsaye ne suka..."

Lei ya ɗaga masa hannu. Idonsa na kan dogon layin da mofar ta bari a daɓen, ya bi shi da kallo daga farko har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"Kuang, wa ya ja wannan?"

"Ni ne," in ji Kuang, ƙirji ya fara dawowa.

"Shekara shida ina wucewa ta kan rubutunka, ban taɓa ganin hannunka ya faɗa irin na yau ba. Kar ka saki wannan alƙalamin."

"Ba zai sake shi ba, Shugaba," in ji Inna Bao. "Akwai sauran shafi guda a ƙofar banɗaki."