Gaisuwar Suruki a Bakin Gola

Ko da zan manta da komai na ƙuruciyata, ba zan taɓa mantawa da yammacin da 'yan Faskari suka zo Ƙanƙara buga ƙwallo da mu ba. Zamanin En'e ne, kafin a sami 'yancin kai, kuma ni ne golan ƙungiyarmu, Guguwa.

Malam Sule, malamin elemantare, shi ya kafa ta. Ya dawo daga Katsina da ƙwallon fata mai igiya, ya tara mu: teloli, mahauta, da wani mai gyaran keke. Babu takalmi, babu raga, sai gora biyu da igiya a sama. Ni kuwa an ba ni gola ne saboda tsawona, kuma gaskiya na iya (kada ku tambayi kowa, ni na faɗa muku).

Filin da muke wasa aro ne. Dattawa sun daɗe suna damun Dagaci cewa ƙarti na tsalle a kan ƙasar da za ta ba da gyaɗa. Da ya ji baƙi za su zo, sai ya yanke magana: "In kuka bari suka ci ku a gida, hilin nan ya koma gona."

Na bugi ƙirji a gaban kowa na ce ko ƙuda ba zai wuce ni ba.

Kuma na cika alkawari, har kusan ƙarshe. Na kama ta sama, na kama ta ƙasa, mata daga nesa suna guɗa, kaina ya kumbura. Ba wanda ya ci wani. Sai ga jaki ya ɓullo ta hanyar da ke bayan golata, kuma a kansa surukina ne, mahaifin amaryata Hansai, yana dawowa daga kasuwa.

To, ku da kuka san gida, ku gaya mini: ana ganin suruki a tsaye? Ga ni da gajeren wando, gwiwa a waje, a gaban mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ban yi shawara da kowa ba, ƙafafuna da kansu suka lanƙwashe. Na juya wa fili baya, na durƙusa, na sunkuyar da kai.

"Barka da yamma, Baba. An dawo lafiya?"

"Lahiya lau. Kai, tashi!"

Na ɗauka irin ta manya ce, su ce ka tashi don su gwada tarbiyyarka. Sai na ƙara duƙawa.

"Ya gajiyar kasuwa, Baba?"

"Wace gajiya! Tashi, ga ta nan tahe!"

Ina cikin tambayar mutanen gida ƙwallon ta gangaro ta gefena, a hankali, ba ko ƙarfi, ta shige tsakanin gorar nan biyu, ta tsaya a ƙafar jakin. Usur ya tashi. 'Yan Faskari suka yi ta birgima, rabi murna rabi dariya. Malam Sule ya dafe kai ya zauna a ƙasa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Surukina ya dube ni ya girgiza kai. "Ladabi dai akwai," in ji shi, "hankali ne ban gani ba." Ya kaɗa jakinsa.

Dagaci bai saɓa maganarsa ba. Guguwa ta koma wani fako mai tsakuwa a bayan kasuwa, inda muka shekara muna ɗaye fatar ƙafa, kowa ya yi tuntuɓe sai ya ambaci sunana. Filin kuma aka ba wani dattijo ya noma. Wane dattijo? Surukina. Da damina ta faɗi ya kira gayya, kuma mijin 'ya ba ya ƙin zuwa gayyar suruki. Ni na yi huɗar farko, daidai inda golata take, abokan wasana na wucewa suna durƙusa mini: "Barka da aiki, gola!"

Tun daga nan na koyi abu guda: suruki zai jira ka gama gaisuwa, ƙwallo ba za ta jira ba.