Mutum Bakwai na Ƙarfe Takwas

"Lafiya lau muka kwana, sai dai ganinki da sassafe ba alheri ba ne," in ji Injiniya, yana janyo wa taubashiyarsa kujera.

Shekara uku ya yi a ɗakin nan, daga shi sai kwamfuta da fanka mai kuka, yana gina shafinsa na intanet na cinikin kuɗin kirifto layi bayan layi. Yanzu likita ya ce ko ya rabu da kallon sikirin ɗin kwamfuta ko ya rabu da idonsa, dole a sayar da shafin. Ita kuwa 'yar kawunsa ce, aikinta ke nan a ofis, yi wa shafuka kuɗi kafin a kai su kasuwa. Shi ba kuɗin ne ya dame shi ba, so yake wanda ya san aikin ya ce masa bai yi wahalar banza ba.

Ta buɗe shafin, ta taɓe baki. "Bawana, wa ya gina maka wannan?"

"Ni da kaina. Ko ƙusa ban ara ba."

"Ai ga alama. Na danna 'saya', ya kai ni wurin canza kalmar sirri."

"Tsaro ke nan. Yana gane ɓarawo in ya gan shi."

"Sakan goma sha huɗu kafin ya buɗe. Kaka ma ta fi shi saurin tashi daga tabarma. Kuma farashin jiya yake nunawa."

"Na jiyan ya fi sauƙi. Tausayin talaka nake ji."

"Abin da ake samu a shirye, kyauta, ka zauna ka sassaƙa da hannu, ba ka bar bayani ko layi ɗaya ba. In ba kai ba, ko aljani ba zai gane cikinsa ba."

"Ke dai faɗi kuɗinsa, uwar iya."

"Sunan shafin yana da 'yar daraja. Ginin kuwa, mai saye rage kuɗi zai yi, ladan rushewa."

Wannan ta soke shi ƙwarai, amma ya daure ya gyara zaman tabarau.

"Rushewa? To mutanena fa? Kullum ƙarfe takwas na safe mutum bakwai ke shiga, wata goma sha ɗaya ke nan. Sa wannan a takardarki."

"Ba zan sa ba."

"Hassada ce, tun muna yara na sanki."

"Mai saye zai bincika. Zai ga duk bakwan daga kwamfuta ɗaya suke."

"Wani attajiri ne da yaran shagonsa."

"Ranar hutu suna shiga?"

Injiniya ya tuna baya. Ba sa shiga. Satin da zazzaɓi ya kwantar da ita ma ko mutum ɗaya bai leƙo ba, har ya yi ta zagin kamfanin intanet. Kuma ƙarfe takwas ake buɗe ofishin da take aiki.

"Ke ce?"

"Kai ka ce duk ranar da ba wanda ya shiga, rufewa za ka yi ka kwanta ka mutu," ta faɗa, idonta a kan sikirin. "Wa zai riƙa ɗauko mini jaka in bawana ya mutu?"

"Da ban ga bakwan nan ba, tun bara na rufe. Lokacin idona da sauran ƙarfinsa."

Tunda suka tashi bai taɓa ganin bakinta ya mutu ba, yau ya gani, kuma bai ji daɗi ba ko kaɗan.

Can ya yi wata dariya marar daɗi. Ya yagi takarda, ya kawo ta dab da hancinsa, ya rubuta kalmar sirrin shafin da manyan baƙaƙe.

"Kin ci, uwar ɗakina. Ungo, na ba ki shi kyauta."

"Ni? Me zan yi da wannan kangon?"

"Ki raba da sauran shidan."