Muryar Alhaji a Cikin Sabuwar Kwamfuta

Ni na cika baki a falonmu na Nassarawa cewa zan tayar da tsohuwar kwamfutar marigayi mahaifinmu Alhaji a cikin sabuwata, mu ciro takardun gida. Mahaifiyarmu Hajiya da ƙannena suka kewaye ni. Tsohon allon ya bayyana. Sai ga gyaran muryar Alhaji, shekara uku da binne shi: "Wa ya taɓa mini kaya?"

Na zura da gudu, sai a bakin get maigadi ya tare ni, ƙafata ba takalmi. Ashe ni na naɗi muryar tun ina saurayi, na sa take fita duk lokacin da aka kunna kwamfutar, na manta.

Har yau, da na miƙa hannu zan ɗauki nama, sai Hajiya ta yi gyaran murya irin na Alhaji.