Tafkin da Ya Koma Ofis

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Cibiyar Kare Tafkuna, garkuwar ruwa, gatan kifi da kwaɗi, Allah ya ƙara maka sanyi.

Bayan gaisuwa irin ta ƙaramin malami ga babban ofis, ni ne mai koyar da tattalin arzikin muhalli a kwalejin da ke bayan katangarku. Ɗalibaina na ajin ƙarshe, yara masu ƙwazo da nake alfahari da su, sun shekara suna nazarin tafkin unguwar nan: wa ke amfana da shi, wa ke ɓata shi, wace doka za ta raya shi. Mako mai zuwa mai jarrabawa zai zo, kuma ƙa'idarsa sai ya ga abin da aka yi bincike a kai da idonsa. In babu tafki, babu takardar kammalawa.

Ga 'yan koke-kokena, ranka ya daɗe.

1. Kun cike tafkin da ƙasa, kun gina Cibiyar Kare Tafkuna a kansa. Na jinjina wa wannan hikima, don wa ya isa ya gurɓata abin da babu shi? Sai dai ta rikita mini darasi. Na koya wa yaran albarkatu iri biyu ne, masu sabuntuwa da masu ƙarewa. Yanzu sun nace in ƙara na uku, wato waɗanda hukuma ta tsare har suka ɓace.

2. Ruwan da tafkin ya saba haɗiyewa ya rasa masauki, sai ya bi gidaje. Na daɗe ina zane a allo don yaran su gane yadda wani ke ɓarna wani ya ɗauki nauyinta, ba su gane ba sai da suka ga mai wankin unguwa yana wanki a tsakiyar ɗakinsa, bai ko ɗebo ruwa ba. Ina godiya da wannan kayan koyarwa.

3. Kwaɗin sun dawo ajinmu. Doguwa, ɗalibar da ta yi aikinta a kansu, ta ce ta shaida wasu da fuska. Layin gaba suke zama, kuma sun fi wasu 'ya'yan mutane zuwa da wuri, amma ba sa barin kowa ya yi tambaya.

4. Wannan kuwa albishir ne ya shigo cikin koke. Da damina ta kankama, tafkin ya dawo inda ya sani, wato hawan ƙasa na Cibiyarku. Ta taga na hango sakatarenku zaune a kan tebur, ya naɗe ƙafa, kifi na wucewa ta ƙarƙashin kujerarsa. Na ji kun kafa kwamitin gano inda ruwan ya fito. Shin kwamitin zai karɓi taswirar yarana? Ta nuna wuri mafi zurfi, daidai inda aka ajiye tutar ofis.

Roƙona biyu ne. An ce kun aika a kawo injin zuƙe ruwa. Don girman Allah a dakata sai mai jarrabawa ya zo ya tafi. A kuma yi wa maigadinku magana, don ya hana mu shiga sai da izini daga ofishin ba da izini, ofishin kuwa sai mai iyo.

In kun amince, yarana za su gabatar da aikinsu a kan matakala, su sanya ku a babin nasarori. Duk karatuna ban taɓa cin karo da tafkin da ya samu rufi da fanka da maigadi ba sai naku. Ranka ya daɗe, kun kare tafki. Ku daure ku ci gaba da kare shi, ko da na mako ɗaya ne.

Naka mai biyayya, da wando a naɗe har gwiwa,

Malamin ajin bayan katanga