Rasuwar Mai Tari, Injin Kwashe Dusar Ƙanƙara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗa mai ciwo, dattijo Reijo Huttunen na bayan garin Kajaani yana sanar da rasuwar injinsa na kwashe dusar ƙanƙara, wanda unguwa ta sani da Mai Tari.

Marigayin mai haƙuri ne. Sai an ja igiyarsa ya yi “kuf, kuf,” sannan ya kama ruri ya buɗe hanya daga ƙofa har bakin titi. Bai taɓa watsa wa mai wucewa tsakuwa ba. Bai ci yatsan kowa ba, domin in maƙogwaronsa ya toshe, Reijo kan kashe shi ya sa sanda. Maƙwabcinsa Pentti, da ya taɓa sa hannu a nasa injin, yatsu takwas gare shi.

Ciwon ajali ya faro daga wata ƙusa mai laushi da ke riƙe haƙoransa. Da gangan ake yin ta haka, don in an ci karo da abu mai tauri ita ta karye, injin ya tsira. Da ta yawaita karyewa, Pentti ya ce, “Kai tsoho, sa masa ta ƙarfen gaske mana, ka huta!” Aka sa.

Ranar Talata marigayin ya haɗiyi jaridar da ta daskare ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Ƙusar ba ta karye ba. Giyar da ke juya haƙoransa ce ta tarwatse. Ya ce “ƙarr,” bai ƙara ba. Makaniki ya ce an daina ƙera kayan irinsa.

Ya bar rabin galan na fetur, da sanda, da shebur ɗin da likita ya hana Reijo taɓawa saboda zuciyarsa. Ya kuma bar alkawari. Tun rasuwar matar Reijo, ’yarsa Outi ta ce, “Baba, muddin injin nan na buɗe maka hanya, zauna gidanka. Ran da ya tsaya, sai birnin Oulu, wurina.” Can bene ne, ma’aikata ke share ƙofa. Ta ƙi jin zancen sayen sabon inji.

Za a kai gawar wurin tsofaffin ƙarafa ranar Asabar, a bayan motar Outi, tare da akwatunan Reijo. Akwai kofi da burodi mai zaƙi ga masu ta’aziyya. Ana roƙon kowa ya zo da sheburinsa, domin hanyar gidan a rufe take.