Sallau da Oba-obar Bakin Jinga

Maigari ya aiko a gaya mini za su kai ɗana Sallau bukkar bakin jinga, can sama da garinmu inda ake duba tashin kogi, ya ƙarasa damina shi kaɗai da na'urar oba-oba. An ce in ba da amsa kafin ranar kasuwa. Karatuna bai wuce firamare ba, ku yi haƙuri da rubutun. Bari in gaya muku wane ne Sallau, sai ku gane abin da ke cin raina.

Mu biyu ne a gidan, a Tungar Kwasau, bakin ruwa. Mahaifinsa masunci ne, Allah ya yi masa rasuwa, yayyensa mata duk suna ɗakunansu. Shi ne auta, shi ya sa nake iya kama sunansa. Gemu ya fito masa, ga ƙarfi, ba ya ƙarya, ba ya ɗauke-ɗauke. Abu guda ne, abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi.

Wata rana na shanya kifi zan je gidan suna, na ce, "Sallau, ka tsare kada shirwa ta ɗauka." Na dawo na tarar da tabarma wayam, karen maƙwabta yana lasar baki. Shi kuwa yana tsaye da sanda, kansa a sama. Ya ce, "Inna, ko ɗaya ba ta sauko ba."

Garinmu waya ba ta kamawa. Da aka kawo oba-obar don mutanen dam, wato madatsar ruwan da ke can gaba da mu, su riƙa sanar da mu in za su saki ruwa, sai aka ajiye ta a zauren Maigari, aka ɗaura eriyarta a kan giginya. Samari duk suka ƙi zaman tsaronta, kowa yana da taru a ruwa. Maigari ya ce, "Ga Sallau nan, ai ba abin da yake tsinanawa."

Wata rana Injiniya Habila, wanda ya kafa ta, ya zaunar da shi ya ce, "Abokina, tashoshi ne a ciki. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka tsaya a kan wadda murya ta fi fita tas." Ya hau jirgi ya tafi. Sallau ya bi su, ya tsaya a inda murya ta fi fita, ashe wasu direbobi ne na tsallaken iyaka suke hirarsu da Faransanci. Sati ya zagayo yana zaune yana gyaɗa musu kai, mutanen dam suna can suna ta kira. Da injiniya ya dawo ya ce, "Kana jin abin da suke cewa?" Sallau ya ce, "A'a. Amma tas take fita." Injiniya ya dafe kai, ya sa masa alama da jan fenti a kan tashar dam.

Wata rana kuma aka ce masa duk saƙon da ya shigo ya kai wa Maigari yadda ya ji shi, kada ya zubar da ko kalma. Saƙo ya zo ana fitowa daga Juma'a. Ya ratsa jama'a, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, shuuu, ƙrrr, a gaya wa Maigari akwai taron ruwan bana jibi, shuuu, ai tsohon nan ko ya zo gyangyaɗi zai yi, shinkafar ce ke kawo shi, kai, ban saki maɓallin maganar ba ashe, oba." Liman ya cusa fuska cikin rawani. Maigari bai iya marin mutumin dam ba, sai ya mari ɗana. Da shatin yatsu ya dawo gida, yana tambayata wace kalma ya manta.

Wata rana Maigari yana son ya ɗan kishingiɗa bayan azahar, na'urar tana ta shuuu. Akwai wani abin murɗawa a jikinta mai rage wannan ƙarar. Ya ce, "Kai, murɗa abin can har ta yi mini shiru." Sallau ya murɗa har ƙarshe. Ashe in ka matse shi da yawa, ba ƙarar kaɗai yake toshewa ba, har muryar da ta taho daga nesa. Ba wanda ya ce ya mayar, bai mayar ba. A kwanakin nan dam suka saki ruwa kaɗan, suka yi ta cewa a kwashe taru, ba wanda ya ji. Tarun mutane da yawa ya bi ruwa. Ƙofar gidana suka zo. Wata ta ce da na sani na ɗaure shi a turke tun yana yaro. Ban ga wanda ya taka ƙofar Maigari ba.

Bayan wannan injiniya ya raba masa aikin. Ya ce, "Da haske, tashar jan fenti. In duhu ya yi, ka koma ta ƙasa, ita ce ta dare." To wata rana, da hantsi, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, har kaji suka fara neman akurki. Sallau ya leƙa waje, ya ga duhu, ya koma tashar dare. Maigari ya daka masa tsawa, "Sakarai, ko azahar ba a yi ba!" Ya ce, "Ranka ya daɗe, duhu aka ce." Kafin Maigari ya kai hannu, sai ga wata murya can ƙasa-ƙasa. Mai gadin bukkar jinga ne. Ruwa ya ci jinga tun da safe, shi kuma don ruɗewa bai canza tasha ba, yana ta ihu a inda babu mai saurare da rana. Sallau ya fita cikin ruwan sama yana maimaita ihun yadda ya ji shi, har da salatin. Aka kwashe yara da tsofaffi da hatsi zuwa tudu. Bayan la'asar ruwa ya shigo har cikin ɗakuna. Ko akuya ba mu rasa ba.

Yanzu wai Sallau mai baiwa ne. Wadda ta ce in ɗaure shi har fura ta aiko masa. Mai gadin can kuwa a kan reshe ya tsira, ya rantse ba zai koma ba, kuma duk garin an rasa mai zuwa. Da kunnena na ji Maigari yana cewa, "Shi ne daidai. In aka ce masa kada ya bar na'urar, ba zai bar ta ba."

Abin da yake so a jikin yaron, shi ne abin da ke kashe ni.

Jiya na zaunar da shi na ce, "Sallau, in suka kai ka, ka ga ruwa ya taso, ka bar ta ka gudu."

Ya ce, "In ya kai ina, Inna? Idon sawu ko gwiwa?"

Na ce, "Idon sawu."

"Ruwan cikin bukka ko na waje?"

Sai ya ƙara da cewa, "To in Maigari ya ce zauna, ke kin ce gudu, wanne zan fara yi?" Yana murmushi ya tambaya. Har ya wanke rigarsa ta Sallah, don tunda aka haife shi ba a taɓa zaɓensa a komai ba.

In na hana, gari zai ce na bar su a bakin ruwa, shi kuma zai daɗe yana tambayata laifin da ya yi. In na bari, sai na samo maganar da zan sa masa a kunne, wadda ba ta da ƙofar da ruwa zai bi ya same shi a zaune. Na juya ta ta kowane gefe ban samu ba. Ku da kuka yi karatu, don Allah, in hana shi ne? In kuwa zai tafi, me zan ce masa?